Sa'a ce ta juya min baya ko ni ne ban iya ba? Maganar poka

Ɗan_Kurna:

Slm yan uwa. Dan Allah kar a fara da zagi, na san abin da wasu za su ce kuma ban ce ba su da gaskiya ba, amma ku bari in kai aya tukun.

Shekara ɗaya kenan da ɗan wani abu ina buga poka a waya, irin wadda ake ce wa Texas Hold'em, a ba ka kati biyu a ɓoye a buɗe biyar a tsakiya kowa ya haɗa da nasa. Da rana ina tsaron shagon yayana a Farm Centre, caja da iyafis da gilashin waya muke saidawa, sai dare ya yi in kowa ya kwanta in buɗe. Ƙaramin tebur nake zama na dala 10, kuma ni mutum ne mai rubutu, ina da littafi ɗan 60 da nake rubuta komai a ciki, ƙarfe nawa na fara, ƙarfe nawa na tashi, me na ci me aka ci min. Wata bakwai na farko na buga hannu (wato zagayen rabon kati ɗaya) wajen 30,000 na samu ribar dala 150. Ba wani kuɗi ba ne amma wlh a raina na riga na sa cewa na iya.

To tun bayan babbar sallah abu ya juye. Cikin sati shida ribar nan ta tafi gaba ɗaya, na ƙara zuba dala 200 ita ma ta bi ta, ku lissafa a canjin Wapa ku ga nawa kenan.

Wanda ya fi tsaya min a rai daren wata Talata ne. An ɗauke wuta, zafi ya koro ni soro na shimfiɗa tabarma, cajin wayata saura 14. Aka ba ni A biyu, katin da babu wanda ya fi shi kafin a buɗe na tsakiya, wani ya turo kuɗinsa duka na amsa, ya buɗe K biyu. Kati huɗu suka fito lafiya lau, na biyar ɗin sai ga K, nasa suka zama uku ya kayar da ni. Ban gama haɗiye wannan ba ko awa ba a yi ba aka sake ba ni A biyu, aka sake yin irinta sak da wani daban. Kunnuwana suka ɗau zafi, babban yatsana har rawa yake a kan gilashin. Na jona fawa banki na koma teburin dala 50 wai in fanshe a hannu ɗaya, na dinga tura kuɗi da katin da ko a mafarki ba na bugawa. Ban dawo hayyacina ba sai da na ji ladanin masallacin layinmu yana gwada lasifika.

Tambayata biyu ce. Hannu nawa mutum zai buga kafin ya san iyawa ce ko sa'a? Sannan wannan zuciyar da take ɗibata in an ci ni a inda bai kamata ba, ya ake da ita?

Malamin_Lissafi:

Wslm ƙanina. Ni ba ɗan wasa ba ne, lissafi nake koyarwa a sakandare, amma na taɓa zama na bi lissafin wasan nan saboda yana cikin misalan da ake bayarwa a darasin yiwuwa. Bari in amsa ta farkon.

A biyu da K biyu in suka haɗu aka tura duka kafin a buɗe komai, mai A yana ci kamar sau 82 cikin 100, mai K sau 18. Wato kusan duk haɗuwa biyar sai an kayar da kai a ɗaya, kuma ba zalunci ba ne, haka katin 52 ɗin yake. A kayar da kai sau biyu a jere kuwa kamar 3 cikin 100 ne. Ka ga kaɗan ne amma ba abin mamaki ba ne, tunda A biyu na zuwa sau ɗaya a hannu 221, kai kuma a hannu 30,000 an ba ka shi sama da sau 130. Waɗanda ka ci da su ba ka ba mu labarinsu ba don ba su yi maka ciwo ba, biyun nan su ka riƙe.

Abin da yan wasan ke kira bariyans, wato hawa da saukar sakamako a kewayen abin da iyawarka ta cancanta, ya fi yadda kake zato girma nesa ba kusa ba. Mu ɗauki kuɗin zama tebur ɗaya, dala 10 ɗinka, a matsayin mudu. Ɗan wasa mai kyau sosai, a hannu 10,000 abin da ake sa ran zai samu kamar mudu 5 ne, amma lilon da sa'a ke yi a wannan adadin ya kai mudu 9 sama ko ƙasa. Ma'ana ko wannan gwanin, kusan sau 3 cikin 10 da asara zai tashi. Sai ya kai hannu 100,000 kafin yiwuwar ya tashi da asara ta sauko wajen 4 cikin 100.

Yanzu ga inda ba za ka ji daɗi ba. Ribarka mudu 15 ce a hannu 30,000, lilon sa'a a wannan adadin shi ma wajen mudu 15 ne zuwa 16. Mutum shida da ba sa ci kuma ba a cin su, ɗaya a cikinsu zai iya samun irin ribarka ba da wata iyawa ba. Don haka wata bakwai ɗin nan ba su tabbatar ka iya ba, sati shidan nan ma ba su tabbatar ba ka iya ba. Kuma kar ka manta da la'adar da masu dandalin ke cirewa a kusan kowane hannu, galibi wajen 5 cikin 100 na kuɗin da aka tara a tsakiya, su kullum da riba suke kwana, shi ya sa mafi yawan masu zama teburin ƙasa suke yi a hankali.

Ka ɗauko littafin naka ka raba asarar gida biyu, ta teburin 10 daban ta teburin 50 daban, ka zo ka faɗa mana.

Baba_Fagge:

Yaro ka ce kar a zage ka, ba zan zage ka ba, na haifi kamarka. Amma ba zan ga gemunka na cin wuta in tsaya tayaka ƙirga gashin ba. Sunan abin nan caca, ko a tabarma aka yi ta a bayan tasha ko a waya da dala. Ka buɗe Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91 ka karanta da fassara. Allah ya haɗa ta da giya ya ce a nisance ta, sannan ya faɗi abin da shaiɗan ke nema da ita, ya jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane kuma ya kange su daga ambaton Allah da sallah. Yanzu ka koma ka karanta rubutunka da kanka, kai ka ce ladan ne ya farkar da kai. Asubar nan ka same ta a jam'i? Da wace zuciyar ka tsaya?

Malam mai lissafi ya yi ƙoƙari Allah ya saka, amma ko lissafin ya nuna kai ne gwanin duniya kuɗin ba su halatta ba. A 2024 Hisbah ta bi shagunan bet a garin nan ta rufe, to ta waya babu mai rufe maka ita sai kai. Allah ya shirya mana ku.

Na_Hotoro:

Ɗan uwa ni na yi shekara huɗu a cikinta kafin Allah ya raba ni da ita, don haka abin da ka ji a kunnuwanka na san shi, ni a wuya nake jin nawa kamar an shaƙe ni. Turawan wasan tilt suke ce masa, sun samo sunan ne daga wata na'urar wasa da in mutum ya fusata ya jijjiga ta sai ta kulle. Kuma gsky sunan ya dace don kanka ne yake kullewa, hannu ya ci gaba da aiki shi kaɗai.

Duk dabarun da ake faɗa na gwada su. Na sa doka in aka ci min kuɗin zama uku in rufe, na sa ƙararrawa ƙarfe 12, na daina bugawa da yunwa, na koyi tashi in wanke fuska in zagaya tsakar gida kafin in amsa babban hannu. Suna aiki fa, ba ƙarya, amma a daren da ba ka buƙatarsu. Daren da aka yi maka irin ta K ɗin nan wanda ya kafa dokar ba shi ne a zaune ba, wani ne daban da bai san da ita ba, kuma shi kalma ɗaya ya sani, in fanshe. Ni har rantsuwa na sha yi in karya in yi kaffara.

Wani abin da ba a cika faɗa ba, cin ma yana da nasa haukan. Ranar da ka ci da yawa sai ka ji kamar kana ganin katin mutane, ka fara raina ƙaramin tebur. Ni ba asara ce ta fara kai ni babban tebur ba, riba ce.

Mu duka labarin Chris Moneymaker ne ya ja mu, akantan nan ɗan Amurka da ya shiga ta wata ƙaramar gasa a dandalin poka na PokerStars ya je Las Vegas a 2003 ya cinye babbar gasar duniya, dala miliyan 2.5. Labarin gaskiya ne amma mutum ɗaya ne, waɗanda suka saida babur da fili suna binsa babu mai ba da nasu. Sannan mu nan da naira muke samu da dala muke asara. Kafin tsakiyar 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai 500 ba, a 2024 ta haura 1,500, teburin da kake kira ƙarami yanzu kuɗin cefanen wani gidan ne.

Yadda na bari ba wata jarumta ba ce. Na je saitin dandalin na rufe akawun ɗina da kaina, akwai wurin da ake yin haka yadda ko ka dawo kana roƙo ba za su buɗe ba sai wa'adin ya cika, na miƙa wa maiɗakina katin banki, na koma kwana da wayar a falo. Sati uku na farko ƙarfe 11 na yi sai in ji hannuna na ƙaiƙayi, in fita wajen mai shayin bakin titi in zauna har bacci ya zo. In kana so ka min magana ta inbos.

Yar_Gwale:

Ni tambaya ɗaya gare ni ƙanina, kuma ba don in kunyata ka ba. Dala 200 ɗin da ka ƙara, kuɗin waye? Mai tsaron shago dai na san abin da ake sallamarsa da shi. Na ga irin wannan a gidanmu, mu ba asarar ce ta fi mana ciwo ba, ɓoyewar ce, sai da ta kai yaya da ƙani ba sa ga maciji shekara biyu.

Ɗan_Kurna:

Na gode muku duka, tun jiya nake karantawa na kasa amsawa.

Malam na yi abin da ka ce, na zauna da littafin da kalkuleta bayan isha'i. Cikin dala 350 da suka tafi, 90 ce kawai a teburin 10, kuma a sati shida ne. Sauran 260 ɗin a dare huɗu ne kacal, duka a teburin 50, duka bayan ƙarfe ɗaya na dare, kuma kowanne in ka duba layin da ke samansa sai ka ga an kayar da ni da kati mai kyau. Har rubutun ma ya bambanta, na daren nan huɗu a karkace yake kamar ba hannuna ba, ɗaya ma ban rubuta lokacin tashi ba. Ni da na zo da ƙorafin sa'a ashe ɗan nata kason kaɗan ne.

Baba ban samu jam'i ba ranar, a ɗaki na yi ta rana ta kusa fitowa, kuma ba ranar kaɗai ba ce. Na karanta ayoyin.

Anti kin taɓo inda yake min ciwo. Rabi nawa ne na adashi, rabin kuma na cinikin shago ne da na ce zan mayar kafin ƙarshen wata ya yi lissafi, saura kwana tara. Shi ya sa ma nake ta jin sai na koma na fanshe, jiya da daddare sau biyu ina buɗe manhajar ina rufewa. Yaya shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ban san da wane baki zan fara ba, amma gobe Juma'a in mun sauko daga masallaci kafin mu buɗe shago zan faɗa masa, na saka wayata babba a kasuwa ta cike wani abu.

Na_Hotoro na tura maka saƙo, dan Allah ka nuna min inda ake rufe akawun ɗin yau ɗin nan kafin sha ɗaya ta yi.