Na bar aiki sun hana ni kasona na kuɗin akwati, wa irin haka ta taɓa samu?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka yi aikin gidan abinci, otal ko wankin mota, duk inda dai kwastoma ke miƙa ɗan tukwici. Na yi aikin kai wa mutane abinci a wani gidan cin abinci a Wuse 2, Abuja. Tsarin wurin, duk abin da kwastoma ya ba ka sai ka jefa cikin wani akwatin katako mai kwaɗo da ke gefen kashiya. Abin da aka ƙara ta POS kuma kashiya ta rubuta a littafi. Ƙarshen wata manaja ya buɗe, a haɗa, a raba. Wani watan kasona kan kusa kai rabin albashina, don haka ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

An yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Kaduna, na ba su notis yadda ya kamata, na tafi saura 'yan kwanaki wata ya ƙare. Albashi sun biya ni, ba zan yi musu ƙarya ba. Da aka buɗe akwati na kira manaja, sai ya ce wai akwati na waɗanda ke nan ranar buɗewa ne, haka dokar gidan take. Ban taɓa ganin dokar nan a rubuce ba. Kuma watan ƙaramar Sallah ne, watan da muka fi jigata, da hannuna na zuba kuɗi masu kauri a ciki. Ina da hakki, ko in haƙura?

Tsohon Ma'aikacin Otal:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kina da hakki, kar ma ki yi kokwanto. Na daɗe a aikin otal a Kaduna da Kano, kuma abin da ke rikita mutane shi ne kuɗin nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda baƙo ya danƙa maka a hannu ka sa aljihu, wannan ba ruwan kowa. Akwai na akwati irin naku. Sannan akwai kuɗin sabis da manyan otal ke ɗorawa a risit, galibi kashi 10 cikin ɗari, wanda daban yake da harajin VAT na kashi 7.5 da ke tafiya asusun gwamnati.

A otal na ƙarshe da na yi, kuɗin sabis da maki ake raba shi. Mai shara yana da makinsa, weta yana da nasa, sufabaiza ya fi su, sannan a duba yawan kwanakin da kowa ya zo aiki a watan. Biyan kuma yana zuwa a makare, na wannan wata sai wata mai zuwa, don sai akanta ya rufe lissafi. To kin ga duk wanda ya bar aiki dole ya bar kuɗi a baya. Da na tafi, nawa ya maƙale, aka yi ta min jeka-ka-dawo. Abin da ya cece ni muna da reshen ƙungiyar ma'aikatan otal, NUHPSW, sakataren reshe ya shiga ofishin akanta da takardar yarjejeniya, aka lissafa kwanakina aka turo min. Da ba ƙungiya, wallahi da tuni na saddaƙar.

Tambaya ɗaya zan miki: sababbin shiga, in mutum ya fara aiki tsakiyar wata, cikakken kaso ake ba shi ko na kwanakinsa?

Maman Biyu:
Na kwanakinsa ake ba shi Baba. Ni ma watan da na fara, rabi aka ba ni.

Tsohon Ma'aikacin Otal:
To ga hujjarki nan. Sun iya ƙirga kwana a shiga, sai a fita lissafin ya ɓace musu? Ki rubuta wa mai gidan kansa, ba manaja ba, ki faɗi haka cikin ladabi. Sau da yawa mai wuri bai ma san yadda ake rabon ba.

Ɗan Kurna:
Ni tawa ta fi taki ciwo Yaya. Wankin mota na yi a kan titin Zoo Road a Kano. Da can mai mota zai biya kuɗin wanki wurin oga, ya juyo ya miƙo maka ɗari biyu ko ɗari biyar ya ce ka sha ruwa. Sai wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 ta zo, lokacin canjin naira, kowa ya koma tiransifa. Mai mota sai ya tura kuɗin wanki haɗe da namu cikin asusun oga, ya leƙo ta taga ya ce "na ƙara dubu ɗaya, a ba yara". Da kunnena nake ji. Oga ya ce yana tara mana, in kuɗi sun wadata a gari zai raba. Kuɗi suka wadata, shiru. Da na samu Keke Napep zan tafi na tuna masa, ya ɗauko wayarsa yana ta jan alat da yatsa, ya ce in nuna masa wanne ne nawa a ciki. Ta ina zan nuna? Duk sunan masu mota ne da adadi, babu inda aka rubuta na yara. Dubu biyu ya ba ni ya ce in hau mota. Har yau in na wuce wurin nan raina na ɓaci. Yanzu yaran da ke can duk sun buɗe OPay, in mai mota ya ce zai ƙara sai su karanto masa lambarsu.

Ɗalibi a Manchester:
Allah ya saka maka ɗan'uwa. Abin da ya same ka shi ne ya faru a nan Ingila da mutane suka daina riƙe tsabar kuɗi suka koma kati, tukwici ya riƙa bi ta hannun masu gidajen abinci, wasu na zaftare wani abu da sunan kuɗin hidimar na'ura. Ƙorafi ya yi yawa har majalisa ta yi doka a 2023, ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2024 a Ingila da Scotland da Wales. Dokar ta ce duk tukwicin da ya bi ta hannun mai wuri, har da kuɗin sabis, dole ya kai ga ma'aikata gaba ɗayansa, ba a cire komai sai haraji. Wa'adin biya shi ne ƙarshen watan da ke bin watan da kwastoma ya bayar. Wurin da ake yawan ba da tukwici dole ya rubuta tsarin rabonsa kowa ya gani, ya kuma adana lissafi na shekara 3. Wanda aka zalunta yana da wata 12 ya kai ƙara kotun ma'aikata, kuma ban da kasonsa ana iya ba shi diyya, wadda iyakarta fam 5,000 ce a 2024.

Ina aikin wucin gadi a wani gidan abinci, na bari saboda jarabawa. Albashin ƙarshe ya shigo babu kason tukwici. Imel ɗaya na tura na nemi a nuna min lissafin rabon watan, don doka ta ba ma'aikaci damar nema. Ba su ma tsaya jayayya ba, wata na zagayowa kuɗin suka shigo, an lissafa da awannin da na yi. Wata 'yar Ghana da muke tare ita ba ta tambaya ba, sai da na matsa mata ta rubuta, ita ma aka biya ta. Ko a nan ɗin, in ka yi shiru wasu za su bar ka da shirunka.

Hajiya Mai Tuwo:
Ku yi haƙuri 'ya'yana, bari in faɗi ta ɓangaren masu wuri, don ina da gidan abinci a Kaduna kuma ni ma ina riƙe kason wanda ya tafi. Amma ku ji dalili. Yarinya za ta karɓi albashi yau, gobe ki nemi ta ki rasa, waya a kashe, ranar da kike da odar biki ta mutum ɗari uku. Sauran yaran su ne za su yi aikinta har tsakar dare. In an buɗe akwati in ɗauki kasonta in aika mata gida? Ni kan raba wa waɗanda suka ɗauke nauyin. Ko sisi ba ya shiga jakata, Allah shi ne shaida. Ga kuma fashe-fashen faranti da kofuna, daga ina za a maye su? Wadda ta yi sallama da mutunci irin Maman Biyu, ita kam ba zan hana ta ba.

Ɗan Kurna:
Hajiya da girmanki, amma faranti ai kayan gidanki ne, wanda ya ba da tukwici bai bayar don a sayi faranti ba.

Hajiya Mai Tuwo:
Ɗana, ranar da ka buɗe naka wurin za mu sake wannan magana. Na faranti na ji, ana iya duba shi. Na mai guduwa ba sallama kuwa ina nan kan bakata.

Malam Sakatare:
Na yi aiki a ofishin wani lauya da ke yawan karɓar ƙarar ma'aikata, ga abin da na gani da idona. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta yi wa tukwici babi na musamman ba kamar yadda ɗan'uwanmu na Manchester ya bayyana tasu. Abin da ta kare shi ne ladan da aka yi yarjejeniya a kai. Shi ya sa takarda ke da muhimmanci: sashe na 7 ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da farawa, amma a ƙananan wurare da wuya ka ga wanda aka ba. In takardar ɗaukar aiki ta ambaci kason kuɗin sabis, magana ta yi sauƙi. In babu, sai a koma ga abin da aka saba yi a wurin, a nan ne alat na watannin baya, saƙonnin WhatsApp na rukunin ma'aikata da hoton littafin kashiya ke amfani. Maman Biyu, kar ki goge komai a wayarki.

Kan batun notis da Hajiya ta kawo, sashe na 11 ya tsara shi: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako ɗaya daga nan zuwa shekara 2, mako 2 daga nan zuwa shekara 5, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara 5. Wanda ya gudu ba notis ya saɓa, kuma ana iya bin sa kuɗin notis ɗin. Sai dai Hajiya, a ganina wannan bashi ne tsakaninki da ita. Kuɗin akwati kwastoma ne ya ba yaran da suka yi masa hidima, ke amana aka ba ki. Ki lissafa kwanakin da ta yi ki ba ta, kwanakin da ba ta zo ba kasonsu ya tafi ga waɗanda suka tsaya. Hadisin nan da muke ji kullum, a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, bai ware wanda ya ɓata mana rai ba.

Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita ke da hurumin irin wannan shari'a, amma gaskiya a kan dubu talatin ko arba'in kuɗin mota da na lauya za su cinye abin. Wasiƙa ɗaya mai kan ofishin lauya takan wadatar, na sha buga irinta, kafin mako ya zagayo an kira mutum ya zo ya karɓa. Akwai kuma ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jihohi da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, duka ba a biyan kuɗi don shigar da koke.

Baƙon Jidda:
Ni a wani otal na yi aikin ɗaukar kaya a Saudiyya. Dokarsu ta ce in kwangila ta ƙare a sallame ka cikin mako ɗaya, in kai ka ajiye aikin cikin mako biyu. Albashi da kuɗin sallama na samu. Amma muna da wani asusu na junanmu, mu masu ɗaukar kaya, wanda shugabanmu ke riƙewa, a raba bayan aikin Hajji. Bizar fita ta ta fito kafin rabo. Ya ce zai turo min, na dawo gida, lambarsa ta daina shiga. Otal ba ruwansu, don ba su san da asusun ba. Duk wanda ke ƙasar waje, kar ya hau jirgi ya bar kuɗinsa a hannun wani.

Uwar Kicin:
Ina ta karanta ku ina jinjina kai. Ku har kuna da kason da za a hana ku. Mu da ke bayan gida muna wanke-wanke da yankan albasa, a wurare biyu da na yi aiki ba a taɓa sa mu cikin rabo ba, wai kwastoma bai gan mu ba. Abincin da ya ci ya ji daɗi har ya ba da tukwicin, wa ya dafa?

Inda nake yanzu a Zariya matar gidan ta gyara abin, kuma ba wani wahala. Akwai littafi mai bangon kwali a kan kanta. Kowane dare kafin a rufe, mutum biyu su ƙirga abin da ke akwati, ɗaya daga masu kai abinci ɗaya daga kicin, a ƙara da na POS, a rubuta adadi da sunayen waɗanda suka zo aiki ranar, kowa ya sa hannu. Rabo ranar Lahadi ne, ba a jiran ƙarshen wata. Masu kai abinci kashi biyu, mu kashi ɗaya, na so a ce daidai ne amma na karɓa. Wata yarinya ta tafi ranar Laraba za ta yi aure, ranar Lahadi aka buɗe littafi aka ga sunanta a kwana uku, aka ƙirga mata, ƙaninta ya zo a kan keke ya karɓa ya sa hannu a madadinta.