Edward Drinker Cope: rigima ce kaɗai ta ɗaukaka sunansa?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum, malamaina. Duk inda aka ambaci Edward Drinker Cope, Ba'amurke masanin dabbobi da ƙasusuwan halittun da suka shuɗe, wanda aka haifa a Filadalfiya a 1840 ya mutu a 1897, sai a koma kan gabarsa da Othniel Marsh, abokin hamayyarsa a wannan fanni. Shin yana da aikin da ya cancanci a tuna shi a kansa, ko rigimar ce kawai ta fito da shi?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, 'yata. A ganina an tauye wa mutumin nan haƙƙinsa. Cope bai yi dogon karatun jami'a ba, amma ya wallafa maƙalarsa ta farko yana ɗan shekara 19, kuma kafin mutuwarsa ya rubuta kimanin 1,400, ya raɗa wa nau'o'in dabbobi masu ƙashin baya fiye da 1,000 suna. Da yawa daga cikinsu kifaye ne da kwaɗi da macizai da ƙadangaru, abin da masu ba da labarin dainaso, wato manyan dabbobin zamanin da da suka shuɗe, sukan tsallake. Saboda wannan hidima ne aka sa wa mujallar masana kifaye da dabbobi masu rarrafe suna Copeia a 1913.

Mai Bibiyar Tarihi:
Malam, da izininka zan ƙara, domin gaggawarsa ta jawo masa abin kunya. Da ya harhaɗa ƙasusuwan Elasmosaurus, wata dabbar teku mai dogon wuya da aka tono a jihar Kansas, sai ya ɗora kan a ƙarshen jela, har wani masani, Joseph Leidy, ya bayyana kuskuren a 1870. Daga 1877, lokacin da aka gano tarin ƙasusuwa a Como Bluff na Wyoming da kuma Colorado, shi da Marsh na Jami'ar Yale suka shiga rige-rigen raɗa suna, kowa yana janye ma'aikatan ɗan'uwansa, har dabba ɗaya takan tashi da sunaye biyu ko uku, waɗanda masanan baya suka daɗe suna warwarewa. A 1890 suka tona wa juna asiri a jaridar New York Herald. Haka kuma Cope ya rubuta ra'ayoyin fifita wani jinsin mutane a kan wani, kuma bai kamata a ɓoye wa ɗalibai wannan ba.

Tsohon Malami:
Gaskiyarka, ɗan'uwa, ban musa ko ɗaya ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙarshensa: dukiyar da ya gada ta narke a tonon ƙasusuwa da jarin haƙar azurfa a New Mexico, har a 1895 ya sayar da tarin ƙasusuwan dabbobi masu shayarwa ga gidan adana tarihin halittu na New York a kan kusan dala 32,000, kuma bai daina rubutu da koyarwa a Jami'ar Pennsylvania ba sai da rashin lafiya ya kwantar da shi.