Neman shawara: ina so in sa wa Toyota 86 turbo ba tare da na buɗe injin ba

Sadiƙu: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni kusan mako uku ke nan. Ina da Toyota 86 ƙirar 2014 mai giyar hannu, wadda na saya shekara huɗu da suka wuce bayan na daɗe ina tari, har sai da na sayar da motar da nake zuwa aiki da ita, abin da yayana bai ji daɗinsa ba, kuma har yau yakan yi mini gori a kai. Tun da ta zo hannuna ban taɓa ba wani aronta ba, da kaina nake canza mata baƙin mai, ba ta kuma taɓa kwana a waje ba. Abin da yake damuna shi ne, idan na taka ta, tsakanin juyi 3,000 zuwa 4,500 a minti ɗaya sai in ji ƙarfinta ya yi sanyi, sai allura ta haura sannan ta farfaɗo. Wani abokina ya cire kayan turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi, daga irin tawa zai sayar, na kuwa riga na ba shi rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami. Bakanikena ya ce kwana biyu sun ishe shi ɗaurawa, amma wani ya tsorata ni cewa injin ba zai yi shekara ba. Ba ni da halin buɗe inji in canza fistin da kwanrod. Shin in ci gaba, ko kuwa ina shirin kashe motar ne da hannuna?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam, Malam Sadiƙu. Injin da ke cikin motarka shi ne FA20 na Subaru, mai lita 2 da ƙarfin doki 200, kuma yana matse iska da fetur ninki 12.5 kafin fulogi ya kunna wuta. Ka kwatanta da ɗan'uwansa da kamfanin ya sa wa turbo tun daga masana'anta a cikin motar Subaru WRX, wanda aka sauke matsinsa zuwa 10.6. Ba a banza suka yi haka ba. Idan ka tura iska mai zafi cikin silindar da dama can matsinta ya yi yawa, fetur yakan fashe da kansa ba bisa ƙa'ida ba, wannan bugun kuwa shi ne yake fasa gefen fistin. Sannan turbo yakan kawo ƙarfinsa gaba ɗaya tun inji bai yi nisa da juyi ba, a nan ne kwanrod yake lanƙwashewa. Shawarata ɗaya ce: ka karɓo kuɗinka ka nemi sufacaja, wato wata na'urar tura iska cikin inji, irin mai farfela, wadda bel yake ja daga karanshaf, domin ita iskarta tana ƙaruwa ne sannu a hankali tare da juyin inji. Wanda duk ya gaya maka akasin haka bai taɓa ganin cikin injin nan ba.

Maryam: Ɗan'uwa, ba ka faɗa mana tafiyar kilomita nawa motar ta yi ba, ko wane irin fetur kake samu, ko dalilin da ya sa abokin naka ya cire kayan. Kafin komai ya kamata a auna matsin kowace silinda huɗun, domin injin da ringinsa ya fara gajiya ba ya ɗaukar ƙarin iska ta kowace hanya.

Nura: Ni abin da ya same ni bai shafi turbo ko sufacaja ba, mutum ne ya cuce ni. Na kai motata wurin wani da ya ce ya ƙware a saita ƙwaƙwalwar mota, ashe saitin wata motar ya kwafo ya zuba mini, bai ɗora ta a na'urar gwajin ƙarfi ba ko sau ɗaya. Fetur ya yi wa iska kaɗan, cikin wata biyu fistin na uku ya narke. Da na koma masa sai ya ce tuƙina ne, daga baya ma ya daina ɗaukar wayata. Wata bakwai motar tana ajiye, kuma har yanzu ban gama biyan bashin gyaran ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wanda ya haɗa ni da shi ko jaje bai yi mini ba.

Sadiƙu: Allah ya mayar maka da alheri, Malam Nura. Injiniya, na gode, sai dai abokina ya yi shekara biyu da kayan nan a kan matsin iska na rabin "ba" (bar, ma'aunin matsi), wato kusan fi-es-ai (psi) 7, kuma injinsa lafiya lau yake. Ni ma ba tsere zan shiga ba. Ƙarfin tsakiyar nan nake nema, kuma kai da kanka ka ce sufacajar da ka ambata sai inji ya yi nisa take bayarwa, to me ta gyara mini ke nan? Maganar karɓo kuɗi kuwa da nauyi, domin mutumin ya riga ya hana wani saboda ni.

Kabiru: Gaskiyar Sadiƙu ce a nan. Turbo da hayaƙin salansa yake aiki, ba ya cin ƙarfin inji kamar abin da bel yake ja, kuma mai saiti da ya san aikinsa yana iya rage iskar a ƙananan juyi ya bar ta ta hau a hankali. Idan an tsaya a rabin ba, da na'urar sanyaya iska mai kyau da fetur mai oktan sosai, wato wanda ba ya saurin fashewa da kansa, ban ga abin tsoro ba. In ma sufacaja ce, ai irin mai dunƙule biyu, wadda ake kira twin-screw, ita ce take cike ramin tsakiyar, ba mai farfela ba.

Injiniya Bashir: Malam Kabiru, kalmar "idan" ta yi yawa a maganarka. Rabin ba yana nufin an ƙara kusan rabin iskar da injin ya saba shaƙa, don haka dole a duba ko famfon mai da nozul za su iya ciyar da shi, kuloci na asali zai fara sulɓewa, baƙin mai zai riƙa zafi fiye da da har sai an sa masa abin sanyaya shi, birki ma yana bukatar kulawa. Ranar da ƙofar da ke rage hayaƙin da ke juya turbo ta maƙale, ko aka sha fetur maras kyau sau ɗaya, babu wanda zai tambayi Sadiƙu ko tsere yake yi. Wanda ya ce ba shi da kuɗin fistin, ina zai samo kuɗin sabon inji? Bakaniken da ya yi alkawarin kwana biyu kuma ɗauri kawai ya lissafa, bai lissafa saiti ba.

Alhaji Garba: Yaro, ni da na ga irin wannan sau da yawa, cewa zan yi ka sayar da ita yadda take, ka cika ka sayi GR86, sabuwar ƙirar motar nan mai injin lita 2.4, wadda aka rage mata wannan sanyin tsakiyar tun daga masana'anta. Motar da aka taɓa injinta ba ta daraja a wurin mai saye, kuma kamfanin inshora yana iya ƙin biyanka idan ba ka sanar da shi canjin ba.

Sadiƙu: Ranka ya daɗe Alhaji, ba zan iya rabuwa da ita ba, na sha wahala kafin in same ta. Injiniya, kulocin nan dama ina da niyyar canza shi, saiti kuma abokina ya ce zai ba ni nasa, tunda motocin iri ɗaya ne. Gobe zan je in ga kayan da idona.

Nura: Saitin wata motar shi ne fa abin da na gama ba ka labari yanzu.

Maryam: Har yanzu ba ka faɗa mana abin da ya sa abokin naka ya cire kayan daga motarsa ba, kuma ba ka ce za ka auna silindojin ba.