Abin da na tsinta daga muhawarar al'adun garuruwanmu

An yi muhawara inda kowa ya kawo al'adun garinsu. Na bi bayanan kowa, ga yadda suka kasu.

1. Tashe ne aka fi ambata. Daga goma ga azumi yara ke fita bayan shan ruwa, wani da gemun auduga, wani ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi. Kanawa suka kawo zancen kamun gwauro, inda Nalako, jagoran wasan, ke ɗaure marasa aure da igiya a zagaya da su gari. An haɗu a kan a bar yara su yi, amma kada su yi nisa da unguwa cikin dare.

2. Wasan taubasai: Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa. An ce ka fara sanin mutum kafin ka tsokane shi, don ba kowa ya tashi da shi ba.

3. Takutaha, hawan Dutsen Dala ranar sunan Maulidi. Nan aka rabu, wasu na ɗaukarsa murna, wasu na ƙyamar cuɗanyar maza da mata.

4. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Dattawa sun ce kunya ce, wasu 'ya'yan fari kuwa suka ce abin ya ci musu rai tun suna ƙanana. Wannan ya taɓa ni ƙwarai.

5. Wankan jego da kunun kanwa, kwana arba'in. Nan muhawara ta fi zafi, domin likitoci sun danganta tafasasshen ruwa da yawan kanwa da ciwon zuciya ga mai jego. Mafi yawa sun ce a sirka ruwan, a rage kanwar.