Kullen korona na 2020 ya rutsa da ɗalibi a ɗakin haya a Samaru, Zariya: yaya zai tsara abinci, caji da karatu?

Ɗan Aji Uku:

Assalamu alaikum. Tun da aka rufe jami'o'i a watan Maris na 2020 saboda korona, Gwamnatin Kaduna kuma ta sa dokar hana fita ranar 26 ga wata, akwai ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ba su samu tafiya gida ba. Suna nan a ɗakunan haya a Samaru, Hayin Dogo, Zango da Palladan, ga hanyoyi a rufe, ga azumi ya ƙarato. Don Allah masana, mutum ɗaya me zai saya ranar da aka buɗe kasuwa ya kai shi mako biyu? Yaya zai yi da wuta da data? Karatun kuma ta ina zai kama?

Uwar Ɗalibai, Hayin Dogo:

Wa alaikumus salam, ɗana. Fara da abin da ba ya lalacewa, domin zafin Afrilu a Zariya ba ya barin ɗanyen kaya. Na mako biyu: shinkafa mudu uku, wake mudu biyu, garin kwaki mudu biyu, garin masara mudu biyu, taliya leda biyar, manja kwalba ɗaya, man gyaɗa kwalba ɗaya. Kayan miya ka ɗauki busassu: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kauɗar tumatir, barkono, ƙuli-ƙuli da busasshen kifi. Ɗanyen tumatir da tattasai na kwana uku kawai za ka saya. In ka matsu da su, ka markaɗa, ka tafasa har ruwan ya ƙone, ka soya da mai sosai, ka riƙa ɗumamawa safe da yamma. Ranar da ka tsallake ɗumame, ko ka tsoma cokalin da ka lasa a ciki, miya ta yi tsami ke nan.

Ka riƙa awo da gwangwanin madara. Ɗaya da rabi na shinkafa ya ishi namiji a ci ɗaya. Masu zubawa da ido su ne shinkafarsu ke ƙarewa tun kwana na takwas.

Wake shi ke cinye gas. Jiƙa shi tun dare, ka zubar da ruwan, ka dafa da 'yar kanwa kamar ƙwayar gyaɗa, ka rufe tukunya. Kanwar in ta yi yawa, ciki zai murɗa. Ragowar ɗanyen waken ka ɗura a busasshiyar gorar ruwa, ka cika ta har wuya, ka ɗaure murfin da kyau. Ƙwari ba sa rayuwa inda iska ba ta shiga.

Abu ɗaya nake roƙonka da girman Allah: in gas ya ƙare ka koma gawayi, to a tsakar gida. Hayaƙin gawayi mai kisa ba shi da wari, mutum barci kawai zai ji. Haka janareta a bakin taga.

Ruwa kuma, 'yan garuwa ba kullum suke fitowa ba yanzu. Ka ajiye jarka uku aƙalla, ɗaya ta sha ce kaɗai, a rufe.

Mai Gyaran Waya, PZ:

Hajiya ta gama da tukunya, bari in taɓa caji. Fawa-bankin da aka rubuta wa 10,000mAh ba zai ba ka dubu goman ba. Batirin cikinsa bolt 3.7 ne, sai an ɗaga shi zuwa bolt 5 kafin ya shiga waya, wani kaso kuma ya tafi a zafi. Abin da ke fitowa bai wuce wajen 6,000 zuwa 6,500 ba, wato caji ɗaya da rabi ga waya mai batir 4,000. Ka yi lissafinka a kan haka.

In an kawo wuta, kada ka jona nan take. Jira minti biyar ta daidaita, domin zuwan farkon nan shi ke ƙona caja. In an ɗauke, zare komai daga soket. Kada a yi caji a ƙarƙashin filo ko kan katifa. Batirin da ya kumbura har bayan wayar ya ɗago, a daina amfani da shi. Mai hali ya sayi ƙaramin faifan sola na wat 20 mai bakin USB. Faifan a rana, wayar a inuwa, kuma a goge ƙurar kullum, don ƙura na rage ƙarfinsa ƙwarai. Fawa-bankin za ka jona da shi, ba wayar ba, saboda wutarsa hawa da sauka take yi.

Data kuwa bidiyo ke kwashe ta. Awa ɗaya a YouTube a kan 480p na iya cin kusan rabin giga. Ka sauke zuwa 240p in darasin bayani ne da baki. Kashe saukar hotuna da bidiyo ta kai tsaye a WhatsApp. Manyan littattafai ka sauke su da datar dare. Babban ɓarawon shi ne laftof: da ka jona ta da hospot, Windows zai fara sabunta kansa a ɓoye. Shiga saitin Wi-Fi, kunna maɓallin da ke shaida masa cewa datar ta awo ce, kafin ka buɗe komai.

Malami a Harabar ABU ta Kongo:

Ɗalibi, ka gane matsala biyu ce ta haɗu. Ban da korona, ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aikin sai-baba-ta-gani tun 23 ga Maris na 2020 kan rikicin IPPIS, tsarin biyan albashi na Gwamnatin Tarayya. Saboda haka kada ka zauna jiran lacca ta intanet. Kuma a ganina, duk ranar da aka koma, za a matse zangon ne, jarrabawa ta zo da wuri. Wanda ya ajiye littafi yanzu shi zai sha wuya.

Ɗauko jadawalin kowane kwas, ka raba shi maudu'i-maudu'i. Kwas biyu a rana sun isa: mai wuya bayan Asuba kafin zafi ya taso, mai sauƙi bayan La'asar. Karantawa kaɗai yaudara ce, ido zai ce ya gane alhali kai bai riƙe ba. Bayan kowane maudu'i rufe handawut ɗin, ɗauko tsohuwar tambayar jarrabawa, amsa ta a rubuce cikin lokacin da aka ƙayyade, sannan ka duba inda ka yi tuntuɓe. Kwas ɗin da ka faɗi a baya shi ne na farko a layi.

Ku haɗa rukuni na mutum huɗu ko biyar, kada ya wuce haka, in ya wuce sai ya koma dandalin tura jita-jita. Kowa ya ɗauki maudu'i ɗaya ya yi bayaninsa da saƙon murya na minti biyar. Ya fi Zoom araha nesa ba kusa ba, ga shi Zoom na kyauta yana yanke taro a minti 40. 'Yan ajin ƙarshe su rubuta babi na ɗaya da na biyu na furojet yanzu, tunda waɗannan ba sa buƙatar ɗakin gwaji. Google Scholar zai maye gurbin Laburaren Kashim Ibrahim na ABU na ɗan lokaci.

Ma'aikaciyar Jinya:

Ƙanena, ranar kasuwa ita ce ranar haɗari. Fita da sassafe da jerin sayayya a rubuce, takunkumi ya rufe hanci da baki, tazarar mita biyu inda ta yiwu. Da ka dawo, sabulu da ruwa na daƙiƙa 20 kafin ka taɓa fuska. Banɗakin da ake haɗawa da maƙwabta, a goge mariƙin ƙofa da buta da Jik: cokalin cin abinci biyu a ruwa lita ɗaya, a haɗa sabo kullum, kada a gauraya shi da wani sinadari. Taga ta kwana a buɗe, da gidan sauro, domin lokacin sanƙarau ne. Kada ka sha kulorokwin don rigakafi, yawansa na taɓa zuciya. Zazzaɓi da busasshen tari, ko numfashi sama-sama, ka keɓe kanka ka kira layin NCDC, hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, ko na ma'aikatar lafiya ta jiha.

Ɗan Aji Uku:

Allah Ya saka da alheri, iyayena. Hajiya, sahur fa, in babu firji?

Uwar Ɗalibai, Hayin Dogo:

Tuƙa tuwon masara da yamma, ka ƙulla a leda da zafinsa, zai kai Asuba lafiya. Miyar kukar kuma ka kaɗa sabuwa da sahur ɗin, minti goma ta ishe ta.