Neman haya a Berlin ba tare da takardar SCHUFA ba

Assalamu alaikum. Aiki ya kawo ni Berlin, takardar ɗaukar aiki na hannuna, amma gidan haya ya gagara.

Duk mai gidan da na tuntuɓa abu uku yake nema: shaidar albashin wata 3, takardar SCHUFA mai nuna yadda mutum ke biyan bashi, da wasiƙar tsohon mai gida cewa ba ya bi na kuɗin haya. Ni kuwa sabon zuwa ne Jamus, ba ni da tarihin komai a nan.

Ɗakin da nake ciki na wucin gadi ne, mai shi kuma ya ƙi sa hannu a takardar da ake kaiwa ofishin rajistar mazauna, alhali doka ta ce a yi rajista cikin mako 2 da tarewa. Sai an yi rajistar ake aiko da lambar haraji, ga wurin aiki sun matsa mini a kanta.

Na haɗa bayanan asusuna na banki da wasiƙar wurin aiki, na sa an rubuta mini buƙatar da Jamusanci. Ranar duba gida layi har kan matakala, dillali ya buɗe fayil ɗina, bai ga SCHUFA ba, ya ajiye shi gefe. Wanda ya amsa mini da wuri cewa ya yi in tura kuɗin ajiya kafin in ga gidan, zai aiko makulli. Na ƙi.

Don Allah, waɗanda suka samu gida suna sababbin zuwa, wace takarda masu gida suka karɓa a madadin SCHUFA?