Wa ya taɓa fito da shafinsa a Google ba tare da ya zuba kuɗi ba?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da buɗe shafina na intanet, ina rubutu a kan gyaran ƙananan matsalolin waya. Na sa rubutu 23, amma ko sunan shafin na buga a Google sai in yi ta gangarawa ban gan shi ba. Masu shiga kuwa daga ni sai ƙanena. Jiya wani ya turo min saƙo wai zai kai ni shafin farko na sakamakon binciken Google cikin sati biyu in na biya shi, kuɗin kuma ya fi ƙarfina. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba mu labari, me ya gwada, wanne ya yi aiki, wanne ya ci masa lokaci a banza.

Malamar Lissafi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka taɓa komai, je Google ka rubuta site: ka manna adireshin shafinka a jikinsa ba tazara, ka bincika. In babu abin da ya fito, ba maganar matsayi ake ba tukuna, Google bai ma ajiye ka a rumbunsa ba.

Abin da ya same ni ke nan. Wata biyar ina zuba darussan lissafi, ina ganin laifin rubutuna ne. Ashe a saitin karatu na WordPress, manhajar da aka gina min shafin da ita, akwai wani ɗan akwati da ke cewa injunan bincike kada su ɗauki shafin. Wanda ya gina min ya danna shi lokacin da yake aiki, ya miƙo min ya manta. Wannan akwatin shi ke saka alamar noindex a kowane shafi, Google kuma yana bin umarnin. Ranar da na gano, sai da na ajiye wayar na yi tagumi. Na cire alamar, na yi rajista da Google Search Console, wurin da Google ke nuna wa mai shafi yadda yake ganin shafinsa, wanda kyauta ne, na tura taswirar shafin, wato jerin adiresoshin duk abin da ke cikinsa, na nemi a sake duba manyan darussan ɗaya bayan ɗaya. Ba a yi sati biyu ba suka fara bayyana.

Tsohon Hannu:
Malama ta faɗi ta farko. Ni kan mai saƙon nan zan tsaya, don na taɓa biyan irinsa. Ya ce zai samo min mahaɗai dubu, wato link da ake dannawa, daga wasu shafuka zuwa nawa don matsayina ya tashi, kuma wallahi ya cika alkawari, dubun sun zo. Da na buɗe su sai na ga shafukan caca ne, da wasu cikin harsunan da ko haruffansu ban sani ba, da sharhunan bogi a ƙarƙashin rubutun mutane. Sati uku na ɗan motsa sama, har na fara yi wa abokai kuri. Daga nan na tarar da sanarwa a Search Console cewa an ɗauki mataki a kaina saboda mahaɗan da ba na gaskiya ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na zauna ina tattara adiresoshin nan cikin fayil don in shaida wa Google ban san da su ba, na rubuta roƙon a sake duba ni, ga shi mutumin ya daina ɗaukar waya.

Tun 2012 da Google ya fito da sabuntawar da ake kira Penguin yake farautar wannan sana'a. Su da kansu sun rubuta cewa babu mai iya lamunce maka matsayi na ɗaya. Mahaɗan da suka amfane ni daga baya ba su kai goma ba, kuma ban sayi ko ɗaya ba. Na rubuta wa wani shafi mai irin aikina maƙala kyauta, suka sa adireshina a ƙasa. Sauran mutane ne suka ga bayanin ya yi musu suka ambace ni.

Mai Kyamara:
Tawa matsalar nauyi ce. Hotuna nake ɗorawa yadda suka fito daga kyamara, kowanne wajen megabait biyar, shafi ɗaya hoto goma sha. A kwamfutata lafiya lau yake buɗewa, shi ya sa ban lura ba. Sai da na sa adireshin a PageSpeed Insights, ma'aunin saurin shafi na Google, ya nuna min ja a ɓangaren waya. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, nawa yana haura tara. Na rage faɗin hotunan zuwa pixel 1200, na mayar da su WebP, nau'in hoto mara nauyi, da manhajar Squoosh, ban kashe ko sisi ba, hutun ƙarshen mako guda biyu kawai aikin ya ci min. Gaskiya matsayina bai yi wani tsalle ba. Abin da ya canja, mutane sun daina juyawa tun kafin shafin ya buɗe. Ka riƙa gwadawa da waya, don siffar waya Google yake dubawa.

Ɗan Gajeren Zance:
Ku sa Yoast ko Rank Math kawai, filogin ne, wato ƙarin manhaja a WordPress mai auna rubutu don injin bincike, ku tabbata fitilarsa ta yi kore a kowane rubutu. Shi ke nan.

Tsohon Hannu:
A'a ɗan'uwa, ba shi ke nan ba. Filogin ɗin yana da amfani wajen taswira da kanun shafi, amma koren nan lissafinsa ne shi kaɗai, Google ba ya ganinsa. Ina da rubutu mai kore shar da ba ya kawo kowa, ina da mai ja da ke ciyar da shafin gaba ɗaya. Haka masu cika gurbin meta keywords, wato ɓoyayyen wurin jera kalmomin bincike, da kalmomi, tun 2009 Google ya ce ba ya amfani da shi.

Uwar Biyu:
Ni da dare nake aikin nan bayan yara sun yi barci, don haka dole in zaɓi abin da zan taɓa. Abin da ya fi yi min amfani shi ne rahoton kalmomin bincike a Search Console, yana ajiye bayanan wata 16. Nakan ware rubutun da ke tsakanin matsayi na 11 da na 20, wato waɗanda ke bakin ƙofar shafin farko, in ga da wace tambaya mutane ke iso su. Akwai wanda na sa wa kanu mai daɗin ji, irin na adabi, alhali mutane tambaya suke bugawa kai tsaye. Na mayar da kanun ya zama tambayar tasu, na rage shi zuwa harafi sittin don kada a datse shi, na ɗauko amsar daga sakin layi na shida na kawo ta farko. Cikin wata guda ya shigo ciki.

Kai ma ƙanena, kada ka ce za ka yi takara a kan "gyaran waya", manya sun cinye wurin. Nemi doguwar tambaya, kamar waya tana caji amma batir ba ya ƙaruwa. Fara buga ta a Google ka ga abin da yake ƙarasa maka, binciken kalmomi ke nan na kyauta. Wani abu kuma ga masu rubutu da Hausa, a rahotona yawanci ba sa saka ƙugiya, k suke bugawa a wurin ƙ. Ni ina barin ƙugiyata a cikin rubutu, amma adireshin shafi da haruffa marasa ƙugiya nake yinsa.

Mai Kyamara:
Hajiya ta tuna min da adireshi. In ka canja na tsohon rubutu, ka sa turawa ta 301, wadda ke kai mai shiga tsohon adireshi kai tsaye zuwa sabon. Na taɓa gyara guda talatin a dare ɗaya ban yi haka ba, duk wanda ya taho daga Google sai ya ci karo da 404, saƙon da ke cewa ba a sami shafin ba. Takardar HTTPS ta tsaron shafi ma kada a sayar maka, ƙungiyar Let's Encrypt kyauta take bayarwa, kuma yawancin masu hostin, wato kamfanonin da ke ajiye maka shafi, suna da maɓallin kunna ta.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri, na dawo da rahoto. Malama, akwatin nan ba a danne yake ba, amma site: ya nuna min shafi huɗu kacal cikin 23. Na buɗe Search Console yau, ashe ban taɓa tura taswira ba, yanzu na tura. Sannan na lura babu rubutuna ko ɗaya da ke nuni zuwa ɗan'uwansa, kowanne zaman kansa yake, yau da dare zan fara haɗa su. Mai saƙon kuma na ce masa na gode. Saura abu ɗaya, shafin yana buɗewa da www yana kuma buɗewa babu shi, kowanne da adireshinsa. Yaya Tsohon Hannu, wanne zan tura zuwa wanne?